Minti nawa na motsa jiki ke isar mutum a mako?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ce, da duk wanda ya yi karatu a kan lamarin. An auna ni an ce jinina ya fara hawa, likita ya ce in rage gishiri, in kuma riƙa motsa jiki na minti 150 a kowane mako. Aikina na biro ne, daga gida sai moto, daga moto sai kujera, kuma abin da nake iya samu bai wuce rubu'in awa na tafiya bayan sallar Asuba ba. Wani abokin aikina ya ce wahalar banza nake yi, wai in mutum bai yi awa guda yana zufa ba, jiki bai ma san an yi ba. Shin minti 150 ɗin nan iyaka ce wadda in ba a kai ta ba babu wani amfani, ko kuwa kaɗan ɗin ma yana da nasa tasiri?

Majo Mai Ritaya:
Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Adadin da likitanka ya faɗa ba daga kansa ya fito ba, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce, wadda ta sabunta a shekarar 2020. Ga baligi, abin da ta ce shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, ko a haɗa biyun, ana lissafa minti ɗaya na mai tsanani a matsayin biyu na matsakaici. Ta ƙara da cewa a ware aƙalla kwana biyu a mako don aikin ƙarfafa tsoka. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa awa guda ake so su samu kowace rana.

Minti 150 awa biyu da rabi ke nan, wato rabin awa sau biyar a mako. Hanyar gane matsakaici ba ta buƙatar na'ura: idan kana tafiya numfashinka ya ƙaru, kana iya magana da na kusa da kai amma ba za ka iya rera waƙa ba, to kana ciki. Idan kuwa kalma biyu ko uku kake iya furtawa kafin ka tsaya shan iska, ka shiga mai tsanani. Game da maganar abokinka, ita hukumar da kanta ta rubuta cewa yin kaɗan ya fi rashin yi, don haka ba da yawunta ya yi magana ba.

Mushen Lissafi:
Baba Majo ya kawo ƙa'ida, ni kuma bari in kawo alƙaluman da ke bayanta, domin su ne ke amsa tambayar Malam kai tsaye. A shekarar 2011 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Taiwan a kan mutum sama da 400,000, waɗanda aka bi diddiginsu shekaru da dama. Waɗanda ke motsa jiki na kimanin minti 15 a rana, wato kusan minti 90 a mako, haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin binciken ya yi ƙasa da na marasa motsi da kashi 14 cikin ɗari, kuma an ƙiyasta musu ƙarin shekara uku a tsawon rai. Rai dai a hannun Allah yake, ana maganar sababi ne. Ka ga ke nan rubu'in awan da ake raina maka shi ne daidai abin da aka auna a can.

Wani binciken na 2015, wanda ya tattara bayanan mutum sama da 660,000 daga Amurka da Turai, ya fi fito da siffar abin. Masu motsi ƙasa da adadin da aka shawarta sun samu ragin haɗari na kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta su da waɗanda ba sa yin komai. Waɗanda suka cika adadin ko suka ninka shi sau biyu sun samu kashi 31. Waɗanda suka ninka shi sau uku zuwa biyar sun samu kashi 39, daga nan kuma ribar ta daina ƙaruwa. Duk wanda ya dubi waɗannan lambobi uku zai ga cewa mafi girman tsalle yana tsakanin sifiri da kaɗan. Daga 20 zuwa 31 riba ce ta gaske, ba na raina ta, amma mutumin da ya fi kowa cin moriyar rabin awa shi ne wanda jiya bai yi komai ba.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Mushe, da girmamawa, ni ban gamsu ba. A unguwarmu ta Kara-Kara samari na ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, kuma cikin wata uku kowa yana ganin canji a kafaɗa da ƙirji. Dattawan da ke tafiyar safe a bakin kwalta kuwa shekara da shekaru muna ganinsu, tumbinsu yana nan yadda yake. Idan tafiyar tana aiki, ina alamar? Ina tsoron kada a sa wa mutane kasala da cewa kaɗan ya isa, su kama wannan su kwanta a kai.

Majo Mai Ritaya:
Ɗana, tsoronka na ƙarshe yana da tushe, kuma zan dawo kansa. Amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato canjin da ido ke gani da canjin da abin awo ke gani. Tafiya ita kaɗai ba ta cika rage nauyi sosai ba idan tuwo da lemun kwalba da shayi mai sukari suna nan yadda suke, wannan gaskiya ne. Sai dai jijiyoyin jini suna ƙara laushi, zuciya tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, tsoka kuma tana janye sukari daga jini fiye da dā, kuma duk wannan yana faruwa ko da sikeli bai motsa ba. Ga mai hawan jini, motsi na yau da kullum yana iya sauke lambar sama ta awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke bakin fara shan magani. Dattijon da kake gani da tumbi, ba ka san abin da awonsa zai nuna ba da a ce yana zaune a gida.

Inda nake tare da kai shi ne batun ƙarfi. Mutanenmu in sun ji motsa jiki sai su ɗauka tafiya ce ko gudu kawai, su manta da kwana biyun nan na tsoka, alhali tsoka tana zaizayewa da shekaru, kuma rauninta ne ke sa tsoho ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi. Ba sai an ɗaga buhun siminti ba. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, tura bango, ɗaga bidon ruwa a kowane hannu, duk suna cikin lissafi. Ga wanda ya kai shekara 65 hukumar ta ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda kare faɗuwa, domin karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba kowa ke tashi daga ita ba. Ku samari masu ƙarfe kuma, gargaɗina shi ne mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yana ɗaga nauyi, saboda hakan yana cilla jinin sama a lokacin.

Hajiyar Zengo:
Sannunku da ƙoƙari. Duk maganar nan ta maza ce, masu fita bakin kwalta da asuba. Mace mai aure a garin nan ba ko'ina za ta sa takalmi ta kama tafiya ba tare da an yi da ita ba, wata ma mijinta ba zai bari ba. Ina so in sani ko aikin gida yana shiga lissafin nan. Iyayenmu sun yi surfe da daka da jan ruwa a rijiya, ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba. Mu yanzu gero inji ake kai shi, ruwa ƴan garuwa ke kawowa, ni kuma wuni nake zaune a kan kayan sana'ata.

Ungozoma:
Hajiya, yana shiga, hukumar ta ambaci aikin gida da tafiyar zuwa wurin sana'a a fili, sharaɗin kawai shi ne aikin ya ɗaga numfashi. Daka da taɓarya, jan guga, wankin hannu mai yawa, sharar tsakar gida da sauri, waɗannan sun kai. Zama a gindin murhu ana juya miya ko tsintar shinkafa, ko da an wuni ana yi an gaji tiɓis, bai kai ba, kuma a nan ne mata da yawa ke ruɗuwa, domin gajiya daban, aikin zuciya daban. Ki lura da abin da kika faɗa da kanki: injin niƙa da ɗan garuwa sun ɗauke miki wahala, Allah ya saka musu, amma sun tafi da motsin da ke cikin wahalar, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba. Matsalar ba ta Damagaram kaɗai ba ce. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kusan kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba sa kai adadin, kuma mata sun fi maza yawa a ciki, kashi 34 a kan 29.

Wadda ba ta fita tana iya kewaya tsakar gida da saurin mai zuwa kashe wuta a murhu, ko ta haɗu da maƙwabtanta su taka zuwa barka ko gaisuwa maimakon hawa adaidaita. Masu juna biyu ma, idan cikin lafiyayye ne kuma ba a hana su a wurin awo ba, minti 150 ɗin ake shawarta musu, kuma yana rage haɗarin ciwon sukari na lokacin ciki. Abin da nake yawan fama da shi shi ne surukai masu cewa mai ciki ta kwanta kada ta motsa.

Ɗan Mirya:
To mu manoma ina matsayinmu? Da damina mutum yana fita gona tun hantsi bai yi ba, yana riƙe da hauya har azahar, wannan ai ya ninka minti 150 ɗinku sau goma. Amma da an gama girbi an kai gero rumbu, wasunmu zaman fada da shayi ne har ruwan baɗi ya sauka. Shin aikin wata huɗu ba zai ɗauki nauyin sauran shekara ba?

Mushen Lissafi:
Yaya, ba ya ɗauka, domin jiki ba ya ajiyar wannan abu yadda ake ajiyar hatsi. Tasirin motsi a kan yadda tsoka ke karɓar sukari kwana ɗaya zuwa uku yake yi ya gushe, shi ya sa ake ce wa masu ciwon sukari kada su bar fiye da kwana biyu a jere ba motsi. Juriyar zuciya da huhu kuma cikin makonni kaɗan na zama take fara komawa baya.

Tambayarka ta taɓo wani wuri da masana kansu ke jayayya a kai, wato ko aikin ƙarfi na neman abinci daidai yake da motsin da mutum ya zaɓa don kansa. Asalin wannan fanni ma daga wurin aiki ya faro. A 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin manyan motocin safa masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu, ya tarar cewa kwandastocin, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke zaune ba. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kujera ce. Amma a 2021 wani bincike daga Kofanhegan ta ƙasar Danmak, a kan mutum sama da 100,000, ya nuna cewa motsin lokacin hutu yana tafiya da ƙarancin ciwon zuciya, yayin da aikin ƙarfi mai yawa a wurin sana'a bai nuna wannan kariyar ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne aikin sana'a yakan ɗauki awanni masu yawa ba hutu, da ɗaukar kaya da tsayuwa wuri ɗaya, yana riƙe bugun zuciya da jini a sama wuni guda ba tare da ya kai tsananin da ke gina juriya ba. A nawa ganin, ɗan garuwa mai tura kura a unguwannin garin nan ko manomi a tsakiyar damina ba ya buƙatar a ce masa ya ƙara minti 150, abin da yake buƙata hutu ne da ruwan sha da awon jini. Manomin da ke zaune da rani kuwa hukuncinsa ɗaya da ma'aikacin biro.

Malamin Allo:
Ina da ƙarin tambaya ga Majo. Wanda masallacinsa ke da nisan minti biyar daga gida, yana zuwa sau biyar, zuwa da dawowa ya tashi minti 50 a rana. Ana tara irin waɗannan gutsattsarin, ko sai an yi a zama ɗaya?

Majo Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, ana tarawa. A shawarar 2010 an ce sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a ƙirga shi, amma a ta 2020 an cire wannan sharaɗi, saboda binciken da aka yi da na'urorin da ake ɗaura wa mutane ya nuna gajerun ma suna da amfani. Abin da ya rage shi ne sauri. Tafiyar dattako, ana jan carbi ana tsayawa gaisawa a kowace ƙofa, motsi ne mara nauyi, ya fi zama nesa ba kusa ba, amma bai kai matsakaici ba.

Malamin Allo:
To a nan akwai gyara daga ɓangarenmu, domin sunna ita ce a je salla da natsuwa, ba da gaggawa ba. Sai dai babu abin da ya hana mutum ya ɗaga ƙafa a hanyar dawowa, ko ya biyo ta doguwar hanya bayan Asuba da bayan Isha'i. Dawowa biyar na minti biyar sun ba da 25 a rana, a mako kuwa 175, an ma wuce adadin.

Ɗalibin Jami'a:
Ina bin muhawarar daga jami'ar André Salifou, kuma ina da ja a kan alƙaluman Mushe. Duk binciken da ya kawo na bin diddigi ne, ba gwaji ba. Ta yiwu ba motsi ne ya ba mutanen lafiya ba, lafiyar ce ta ba su damar motsi, marar lafiya kuma dama yana kwance, sai a lissafa shi cikin marasa motsi. Sannan wayoyinmu suna cewa sai taku 10,000 a rana, wanda ya fi rabin awa nesa. Wanne za a bi?

Mushen Lissafi:
Ƙanena, jan naka daidai ne, kuma masu binciken sun san da shi, shi ya sa sukan cire waɗanda ke da ciwo tun farko da waɗanda suka rasu a shekarun farko na bibiya, su sake lissafi. Wannan yana rage matsalar, ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Amma akwai gwaji na ainihi. A Amurka an ɗauki mutum sama da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa bai kai ciwo ba, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wani rukuni aka sa shi tafiyar minti 150 a mako tare da gyaran abinci da nufin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi, wani aka ba shi maganin sukari mai suna metformin, wani kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna rukunin farko ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari, na metformin da kashi 31. Gaskiya ne an haɗa da abinci, don haka ba za a ba tafiya ladan duka ba, amma a nan ba za a ce lafiya ce ta zaɓi masu motsi ba, ƙuri'a ce ta zaɓe su.

Taku 10,000 kuwa ba daga asibiti ya fito ba, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne da aka fitar a Japan a 1965. Da aka zo aka auna, wani binciken 2019 a kan tsofaffin mata a Amurka ya nuna masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa, ribar ta ci gaba da hawa har wajen 7,500 sannan ta daidaita. Siffar dai ita ce wadda muka gani a lissafin mintoci.

Ɗan Kasuwar Dole:
Ni ranakun mako ba nawa ba ne, balle Alhamis da kasuwa ke ci. Lahadi kaɗai nake samu, mukan buga ƙwallo na kusan awa biyu. A tara a rana ɗaya ya halatta?

Majo Mai Ritaya:
Alhaji, an duba wannan ma. Wani bincike na 2017 daga Ingila da Sukotlan, a kan mutum sama da 60,000, ya nuna masu tara motsinsu a kwana ɗaya ko biyu sun samu ragin haɗari kusa da na masu rarrabawa. Illarsa ita ce targaɗe da ciwon gwiwa ga jikin da ya yi kwana shida a zaune, kuma ga mai sukari ko hawan jini rarrabawa ta fi, saboda dalilin da Mushe ya faɗa.

Bari in cika alkawarin da na yi wa ɗana mai ƙarfe. Cewa kaɗan yana da amfani ba izinin tsayawa a kan kaɗan ba ne. Mai rubu'in awa ya riƙe shi har ya zame masa jiki, sannan ya riƙa ƙara minti biyar bayan kowane mako biyu ko uku har ya kai rabin awa. Na fi amincewa da wannan a kan wanda zai fara da gudun awa guda ranar Asabar ya kwanta da ciwon gwiwa ranar Litinin. Kuma a yi la'akari da garin da muke ciki, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, tafiyar rana a lokacin haɗari ce, sai da asuba ko bayan faɗuwar rana, da ruwa a hannu. Da hunturu mai asma ya guji ranakun da ƙura ta rufe gari. Duk wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ƙwace masa fiye da ƙima, ya tsaya nan take ya nemi asibiti, kada ya ce zai daure. Motsi kuma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta, likitan ne zai rage shi idan awo ya nuna.

Hajiyar Zengo:
Baba Majo, saura azumi. Mijina yana da sukari kuma yana shan magani, ya ce zai riƙa tafiyarsa kafin a sha ruwa don kada ta katse.

Ungozoma:
Hajiya, kafin Baba ya dawo bari in amsa, domin wannan yana da haɗari. Idan allurar insulin yake yi, ko yana shan ƙwayoyin sukari irin su glibenclamide, ƙarshen yini shi ne lokacin da sukarinsa ya fi kusa da faɗuwa, tafiya kuma za ta ƙara ja shi ƙasa, ga ƙishirwa a kai. Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani da rikicewar magana, kuma in sun zo dole ya karya azumin da abu mai zaƙi nan take. Ya mayar da tafiyar bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ya lissafa tsayuwar tarawihi cikin motsinsa na ranar, sannan ya koma wurin likitansa tun kafin watan ya kama a duba masa adadin maganin da lokutan shansa.